Afuwar Sarki da Haƙƙin Talaka

Masu iya magana sun ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In baƙo ya kawo wa gari yaƙi aka kore shi, magana ta ƙare, ya koma ƙasarsu, kowa ya kama harkar gabansa. Amma in 'yan ƙasa ɗaya suka zare wa juna takobi, ranar da yaƙi ya ƙare ita ce ranar da wuyar aiki ta ke farawa, gama wanda aka ka da ba shi da wata ƙasa da zai koma, wanda ya yi kayen kuwa ba shi da wani maƙwabci sai shi. Rijiya guda za su sha, kasuwa guda za su ci. Saboda haka ko wace al'umma da ta taɓa yaƙar kanta tilas ta amsa wannan tambaya: wa za a yafe wa, wa kuma ke da ikon yafewar?

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a sami abin da za a auna tambayar da shi. Hanyar mota da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Boɗinga, ta ratsa Shagari, ta bi ta Tambuwal har Jega. Matafiyi ya kan wuce garuruwan nan yana gyangyaɗi, alhali kuwa uku daga cikinsu suna da labarin rabuwa da sulhu wanda ya isa a tsaya a saurara.

Bayan da aka ci Alƙalawa, birnin Gobir, cikin 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, maƙwabciyar Boɗinga, yana karantarwa yana wallafa littattafai. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba musu aikin riƙon ƙasa, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Cikin 1815 ya tashi daga Sifawa ya koma Sakkwato, a can kuma Allah ya yi masa rasuwa cikin watan Afrilu na 1817.

To, Malam Abdullahi shi ne wazirin Shehu, shi ne ya ja rundunar jama'a ran Tabkin Kwatto cikin 1804, malami ne kuma wanda ba a ja da shi wajen sani. Ga shi baffa, Bello ɗa. In ya zaci shi za a yi wa mubaya'a, ba wanda zai ga laifinsa. Masu ba da labari sun ce da saƙon rasuwa ya iske shi a Boɗinga sai ya hau da mutanensa ya nufi Sakkwato, amma ko da ya isa an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya kuwa tarad da ƙofar gari a rufe. Mai karatu ya kwatanta wannan a ransa: dattijo, wanda ya ba da ƙuruciyarsa duka ga wannan al'amari, yana tsaye bisa doki a bayan ganuwa, gawar wansa tana ciki. Da yawa cikin sarakunan duniya sun ta da yaƙi saboda abin da bai kai wannan ba. Shi kuwa ya juya linzami, ya koma Gwandu ya zauna. Bai yi mubaya'a ba, bai kuma zare takobi ba. Aka yi shekaru ana wannan zaman doya da manja.

Ana cikin haka sai wata wuta ta tashi. Akwai wani babban malami cikin almajiran Shehu, sunansa Abdussalami, Ba'are ne, watau Bahaushe ne ba Bafillace ba. Shi ne mai garin Gimbana, wanda mayaƙan Gobir suka faɗa wa gab da hijira, suka kama mutanensa suka ɗaure za su kai su bauta, har jama'ar Shehu suka tare su kusa da Ɗegel suka kwance su. Wannan kwancewa tana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu cikin 1804. Da aka ci nasara aka raba ƙasa, Abdussalami ya ga rabonsa bai kai wahalarsa ba. Da Shehu ya rasu sai ya yi tawaye a Kware, arewa da Sakkwato. Aka yi ta musayar wasiƙu tsakaninsa da Bello, magana ba ta yi ba, aka koma ga makami. Farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Mutumin da saboda 'yancin jama'arsa aka fara jan daga, ga shi ya ƙare a hannun abokan jan dagar. Wannan shi ne halin yaƙin basasa ko'ina.

Sauran jama'arsa suka tattaru a Kalambaina ta wajen Gwandu, suka yi ƙarfi, har suka gagari Malam Abdullahi. Wajen 1820 Bello ya taso da runduna daga Sakkwato ya kawo wa baffansa gudunmawa, aka ci garin. Abin da ya faru bayan haka shi ne abin da mutanen ƙasar ba su manta ba. An ce da suka yi arba a bayan gari, kowa bisa dokinsa, Bello ya yi haramar sauka don ya gai da baffansa yadda ɗa ya ke yi. Sai Malam Abdullahi ya yi masa alama da hannu ya zauna, shi kuma ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. An ce kuma ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu, watau ya sallama masa waziranci.

Ya kamata a lura da abin da ya sa wannan sulhu ya kama ƙasa. Bello bai ce sai an yi masa mubaya'a tukuna zai kawo gudunmawa ba, ya fara zuwa da ƙafarsa da jinin mutanensa. Malam Abdullahi ya bar abin da ya ke ganin nasa ne, ya bar shi kuma a bainar jama'a, inda ba halin janyewa. Bello kuwa bai karɓe yamma daga hannun Gwandu ba, ko da ya ke yana da ƙarfin da zai gwada. Kowannensu ya fita da asara a hannu, shi ya sa kowannensu ya yarda ɗan'uwansa da gaske ya ke. Sulhun da ba wanda ya rasa kome a cikinsa, gaisuwar kasuwa ce kurum. Wannan kuwa ya riƙe Sakkwato da Gwandu tare fiye da shekara 80, har zuwan Turawa cikin 1903.

Afuwar ba ta tsaya ga 'yan gida kaɗai ba. Buhari ɗan Abdussalami ya kawo caffa, aka karɓa, aka bar shi ya zauna da mutanen ubansa. Shi ne ya kafa Jega, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, sarautar garin kuma ta zauna a zuriyarsa. Da an bi shi da laifin ubansa, da an sami wani maƙiyi na shekara talatin, an kuma rasa kasuwa.

Duk wannan abin yabo ne, ba kuwa rage darajar magabata ba ne in an ƙara da wata magana. Inda baffa da ɗa suka daidaita, bakin ganuwar garin da aka ci ne. Labari ya riƙe sunan Buhari domin ɗan babba ne, amma matan Kware da 'ya'yan Kalambaina da yaƙi ya watsa, ba su cikin waɗanda aka zauna da su. Banda su kuma ga bayi, waɗanda ke noma a rinji da gandu kewaye da Sakkwato. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikin daular duka sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. In manya sun yi faɗa su ke ɗaukar kaya, in manya sun shirya su ke noma hatsin walima.

A nan ne tambayar farko ta ke rabuwa biyu. Malamai sun bambanta laifin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, wanda tuba ke shafewa, da haƙƙin ɗan'adam, wanda ba ya faɗuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe da bakinsa. Haka abin ya ke ga mulki. In wani ya zagi hakimi, ko ya ƙi biyan haraji, hakimi yana da iko ya ce ya yafe, a kuma yaba masa. Amma in mutumin nan ya cinye gonar wata gwauruwa, hakimi ba shi da ikon ya ce ya yafe masa gonar, gama ba tasa ba ce. In ya yi haka ya yi kyauta da kayan wani. Tawaye laifi ne ga mai mulki, shi ke da ikon afuwarsa. Bauta da kisa da ƙwace kuwa haƙƙin waɗanda aka yi wa ne. Yawancin sulhun da a ke yi bayan yaƙin basasa, a kan cuɗa waɗannan biyu, a yafe na farko, sa'an nan a yi kamar na biyun ma ya bi ruwa.

Ƙasar da wannan ya fi fitowa fili ita ce Amurka. Daga 1861 zuwa 1865 jihohin Arewa da na Kudu suka gwabza yaƙi, tushen rigimar kuwa bayi ne, baƙaƙen fata kusan miliyan 4 waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka. Fiye da mutum 600,000 suka mutu. Arewa ta ci nasara, cikin 1865 kuma aka sa hana bauta cikin tsarin mulkin ƙasar. Wajen afuwa ba a yi rowa ba. Ran 9 ga Afrilu 1865, da Janar Li na Kudu ya sallama, Janar Girant na Arewa ya ba sojansa abinci, ya bar masu dawaki da alfadarai su tafi da su gida don su yi noma. Shugaba Linkon ya yi kira a ɗaure raunin ƙasa ba tare da ƙullaci ba, amma kwana kaɗan bayan sallamawar aka harbe shi. Cikin 1872 aka mayar wa yawancin manyan Kudu ikonsu na riƙe muƙami.

To, bayin da aka 'yanta fa? Cikin Janairu 1865 wani janar na Arewa, Shaman, ya ba da umurni a yanka wa iyalansu gonaki, ko wane gida har eka 40, a bakin tekun Kudu. Dubbai suka zauna suka yi shuka. Kafin shekara ta ƙare sabon shugaba, Andiru Jonson, ya yafe wa masu gonakin na dā, ya mayar musu da yawancin ƙasar. Ya yi afuwa, amma da gonar wani ya yi ta. Waɗanda suka yi ƙarni biyu da rabi suna noma ba lada suka fita da hannu biyu, da yawansu suka koma noma a gonakin iyayengijinsu na dā, ana raba amfani, bashi yana bin su shekara da shekaru.

Akwai wani abu cikin labarinsu wanda duk wanda ya koyi karatu da girmansa zai fahimta. Zamanin bauta, a jihohin Kudu da yawa doka ta hana a koya wa bawa karatu. Da aka 'yanta su sai suka yi tururuwa zuwa makaranta, yaro da kakansa bisa benci guda, waɗansu da dare bayan sun taso daga gona. Cikin 1870 aka ba mazansu ikon jefa ƙuri'a, har waɗansunsu suka shiga majalisar ƙasa. Amma mutanen Arewa suka gaji da rigima, suna so su shirya da 'yan'uwansu farare na Kudu. Cikin 1877 aka janye soja daga harkar mulkin Kudu. Daga nan jihohin Kudu suka shiga ƙago dabaru: sai ka biya wani haraji kafin ka yi zaɓe, sai ka ci jarrabawar karatu wadda mai jarrabawar ne ke yanke wanda ya ci. Mutanen da aka hana wa karatu da doka, aka dawo aka hana su ƙuri'a da sunan ba su iya karatu ba. Aka raba makaranta, aka raba jirgin ƙasa, aka raba har wurin shan ruwa. Tsofaffin sojan Arewa da na Kudu suka riƙa taruwa a filayen da suka yi yaƙi suna musafaha, ana cewa ƙasa ta haɗu. Ba a gyara maganar ƙuri'a ba sai 1965, shekara 100 cif bayan ƙare yaƙi.

Kada a ce wannan halin Amurka ne kaɗai. A Nijeriya ta Arewa ma mutuwar bauta ta bi irin wannan hanya, ko da ya ke da sauƙin jini. Cikin 1901 Gwamna Lugga ya yi doka: an hana kamun bayi da cinikinsu, duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar nan kuma ɗa ne. Amma dokar ba ta ce ubangiji ya saki bawan da ke hannunsa ba. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, suna bukatar sarakuna su riƙe musu ƙasa, arzikin sarakuna kuwa yana gandu. Sai aka daidaita. Bawan da ke son 'yanci ya je gaban alƙali a yanka masa fansa, ya yi ta biya da guminsa, sau da yawa ta hanyar murgu, watau ya yi sana'arsa yana kai wa ubangijinsa wani abu. Wanda ya gudu kuwa a kan hana shi gona inda ya sauka. A dubi wannan da kyau: wanda aka yi wa aiki kyauta shi a ke biya, wanda ya yi aikin shi ke biya. Mai ci da wanda aka ci sun shirya, kuɗin shirin ya fito daga aljihun wanda ba a tambaya ba.

Ba kowa ya haƙura ba. Kamar mil 14 kudu da Sakkwato akwai wani gari da a ke kira Satiru, inda talakawa da bayin da suka gudo suka taru, suna sauraron masu wa'azin Mahadi, cikinsu har da wani Ɗan Makaho wanda ya ƙetaro daga ƙasar da Faransa ke mulki. Cikin Fabrairu 1906 suka karya wata ƙungiyar sojan doki, suka kashe Turawa 3 da soja 25, da gatura da fartanya da baka. Ran 10 ga Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, mayaƙan Sakkwato suna tare da Turawa. An ƙiyasta an kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka hana a sāke zama a wurin. Buhari ɗan Abdussalami ya sami Jega. Mutanen Satiru ba su sami ko kufai ba. Bauta kuwa ba a kashe ta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936, shekara 35 bayan dokar farko. Ko bayan haka saura ya rage wanda doka ba ta iya kaiwa gare shi, watau gori. A kan yi shekaru ana zaman lafiya da mutum, ana salla sahu guda, ran da ɗansa ya nemi aure sai a tuna wa ya mallaki kakansa.

Wani mai hankali zai ce: in aka tsaya sai an biya kowa haƙƙinsa kafin a yi sulhu, ai ba za a taɓa yin sulhu ba. Wa zai ƙidaya gumin bawa na shekara arba'in? Wa zai biya ran da ya tafi? In aka ce za a tone kome, waɗanda za su yi asara za su sāke ɗaukar makami, talakan da a ke so a taimaka kuwa shi zai fara mutuwa. Wannan magana tana da nauyi, ba a kuwa ture ta da baki. Gaskiya ne tsai da jini shi ne farko, gaskiya ne kuma akwai bashin da ba shi biyuwa. Amma akwai bambanci tsakanin mai bashin da ya ce, "Na san ana bina, a yi mini haƙuri zuwa kaka," da wanda ya ce, "Wane bashi?" Na farko a kan zauna da shi lafiya ko da bai gama biya ba. Na biyu kuwa, ko ya yi shekara hamsin yana murmushi, mai bin bashin yana gaya wa 'ya'yansa da dare, su kuma su gaya wa nasu. Jinkiri yana da uzuri. Musu ne ke mai da miki gyambo.

Wannan ya kawo magana ga garin Shagari, da yaƙin da Nijeriya ta yi da kanta. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshin soja suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu manya. Cikin Yuli aka yi juyin ramuwa. Cikin shekarar nan kuma aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da ba su da hannu cikin abin da soja suka yi, sauran suka bar gidaje da kantuna suka gudu Gabas. Wannan abu ne mai ɗaci ga kunnen ɗan Arewa, amma ya faru. Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar ƙasar Biyafara, cikin Yuli aka fara yaƙi, aka yi wata 30 ana yi. Masu bincike da yawa sun ce waɗanda suka mutu sun kai miliyan 1 ko fiye, galibinsu kuwa yunwa ce ta kashe su, yara sun fi yawa.

Da aka sallama ran 15 ga Janairu 1970, Janar Yakubu Gawon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Duniya ta zaci za a yi yankan rago, ba a yi ba. Ba a kafa kotun rataye shugabannin Biyafara ba, ma'aikata da yawa suka koma bakin aikinsu. Cikin waɗanda aka ɗora wa aikin gyara har da Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta, haifaffen garin Shagari cikin 1925, wanda a 1970 aka naɗa kwamishinan tarayya mai kula da raya tattalin arziki da farfaɗo da wuraren da yaƙi ya ɓata. Mutumin ƙasar Sardauna ne, yana kuma cikin ministocin gwamnatin da aka kifar a 1966, saboda haka in ana maganar masu dalilin riƙe ƙullaci yana cikinsu. Cikin 1979, shekara 9 kacal bayan yaƙi, ya zama shugaban ƙasa, mataimakinsa kuwa Alex Ekwueme, Ibo ne. Cikin 1982 ya yi wa Ojukwu afuwa, ya komo gida cikin Yuni daga ƙasar Kwaddibuwa, inda ya zauna tun 1970. Waɗansu sun ce lissafin zaɓe ne, tun da Ojukwu ya shiga jam'iyyar shugaban, ya nemi kujerar majalisar dattawa a 1983, bai kuwa samu ba. Ko da akwai lissafi a ciki, afuwar tana cikin ikon mai yinta, ta kuma yi amfani. Tsakanin wannan da abin da ya faru a bakin Kalambaina akwai kama, kamar yadda ke akwai kama tsakanin Ojukwu da Buhari na Jega.

Amma a nan ma akwai kashi na biyu. Bayan yaƙi gwamnati ta yanke cewa duk wanda ya kawo kuɗin Biyafara banki, kome yawansu, fam 20 za a ba shi. Attajiri da ɗan dako suka tashi daidai. Cikin 1972 aka yi dokar da ta sa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, a lokacin da mutanen Gabas ba su da abin saye. A Fatakwal aka kira gidajen Ibo da yawa dukiyar da aka yasar, masu su suka komo suka tarar ba su da ikon shiga, kamar mutum yana iya yasar da gida cikin ƙasarsa. Waɗanda aka kashe a 1966 kuwa, da yaran da yunwa ta ɗauke, shelar ba wanda aka ci ba ta shafe su ba, gama su an ci su.

Abin lura, a garuruwan Arewa da yawa maganar gidaje ta bi wata hanya dabam. An kula da gidajen waɗanda suka gudu, an sa 'yan haya, an tara kuɗin, da masu su suka komo aka miƙa musu makulli da abin da aka tara. Wannan ba afuwa ba ce, mayar da amana ne, ba shi kuwa da ganga ko algaita. Amma yana cikin abin da ya sa ba a daɗe ba Sabon Garin Kano da kasuwannin Kaduna da Jos da Sakkwato suka sāke cika da 'yan kasuwar Ibo. Mutum ba ya komawa inda aka ce an yafe masa kurum, ya fi komawa inda ya tarad da ƙofarsa tana buɗuwa da makullinsa.

Ojukwu ya rasu cikin 2011, aka yi masa jana'iza da faretin sojan Nijeriya, sojan da ya yaƙa. Alhaji Shehu Shagari ya rasu cikin Disamba 2018, aka kai shi garinsu aka rufe. Tsakanin manyan da suka ga yaƙin, magana ta daɗe da mutuwa. Amma tun daga 1999 aka sāke ta da sunan Biyafara a Gabas, masu ɗaga tutar kuwa yawancinsu samari ne waɗanda ba a haifa ba sa'ad da aka yi yaƙin. Ba su ga Gawon yana rungumar hafsoshin Biyafara a Ikko ba, ba su ga taron da ya tarbi Ojukwu ba. In aka tambaye su abin da aka yi wa iyayensu, cikin abubuwan da su kan fara ambata akwai gidajen Fatakwal da fam 20.